Kawu Mai Gwangwani

Ranar da aka binne Kawu, Kwanar Dangora ta cika da motoci kamar ana cin kasuwa. Direbobin Tudun Wada da na Doguwa sun ajiye lodi sun zo, makanikai sun rufe rumfunansu, har masunta daga bakin Tiga sun iso a bayan a-kori-kura da ƙarnin kifi a jikinsu. Wanda ya ga sahun sallar gawar zai ce wani waliyyi aka rasa. Amma ni na zauna a ƙofar gida ina karɓar gaisuwa tun hantsi har bayan la'asar, ban ga idon da ya jiƙe ba.

Kowa ya zo sai ya durƙusa ya ce, "Ya haƙuri?" mu ce da godiya. Wurin addu'a ne ake samun cikas. Wani tsohon direba daga Kiru ya ɗaga hannu ya fara, "Allah Ya sa halinsa..." sai ya tsaya, ya yi gyaran murya, ya ce, "Allah Ya sa aikinsa ya bi shi. Aikin fa na ce."

Aka amsa da amin mai ƙarfi.

Wani makanike da ya koyi aiki a hannunsa, yanzu shi ma da furfurarsa, ya matso kusa da ni ya ɗage riga ya nuna mini wani dogon tabo a gadon bayansa. Ya ce, "Fambel ne wannan, bel ɗin inji da ya zabga mini. Sifana na miƙa masa ba wadda ya ce ba." Ya saki rigar, ya ce, "Amma wallahi duk abin da nake ci a yau, daga hannunsa ne."

A gefena Yaya ke zaune, babban ɗan mamacin. Ɗan kawuna ne, taubashina ke nan, amma ya girme ni nesa ba kusa ba, shi ya sa ban taɓa yi masa wasan taubasai ba. Duk wanda ya miƙo hannu zai gaisa da shi sai ya ɗan daburce, don hagu Yaya ke miƙawa. Damansa a wuyan hannu ta ƙare. Baƙi na nesa su kan kalli dungulmin su kawar da kai. 'Yan gari kuwa sun sani, su kan kama damtsensa su riƙe, su daɗe ba su saki ba.

Nan da sadakar arba'in za a mayar da Kawu mutumin kirki a bakin mutane, bayan shekara kuma a manta da shi. Ni ba na son ko ɗaya. Shi ya sa na zauna in faɗi wanda na sani.

Kawu wan mahaifiyata ne, ciki ɗaya. A wani ƙauye aka haife su wanda yanzu yana ƙarƙashin ruwan Tiga. Da aka tashe su, danginmu suka rungumi abin da ruwan ya kawo, wasu kamun kifi, wasu noman rani. Kawu ya ce shi kam a kai kasuwa. Ya tafi Kano ya koyi kanikanci, ya dawo ya kafa rumfa a Kwanar Dangora inda motocin Zariya da na Jos ke rabuwa. Har ya mutu bai sa kifin Tiga a bakinsa ba. In aka kawo gidan sai ya ce, "Ku ci. Kakanku da ke kwance a ƙarƙashin ruwan ne ya yi masa ƙiba."

Haka bakinsa yake. Yana zaune a kan wata tsohuwar kujerar bas da ya jingine da tushen darbejiya, goro a kunci, ba ya tashi don kowa. Mota ta tsaya, ba ya amsa sallamar mai ita sai ya gama sauraron injin. Wani lokaci ya ɗora tsinin sukudireba a jikin ƙarfe, ya manna kunne a ƙotar, ya lumshe ido. In ya buɗe, mai motar ne zai sha.

"Kai ne direban?"

"Ni ne, Baba."

"Allah Ya isar wa motar nan."

Yakan ce inji ba ya ƙarya, mai shi ne maƙaryaci. Na taɓa jin ya ce wa wani Alhaji mai motocin haya, a gaban yaransa, da jaki ne aka ba shi da tuni ya gudu ya koma wurin mai shi na fari. Alhajin ya yi dariyar yaƙe, ya kuma dawo da wata motar bayan kwana biyu. Ba yadda zai yi. Akwai abin da Kawu ya iya wanda duk yankin ba wanda ya kai shi.

Lokacin da motocin dizal na hannu suka fara shigowa, masu turbo, wato wata 'yar fanka da ke ɗura wa inji iska da ƙarfi don ya ja kaya, direbobinmu suka yi ta murna. Mota ta hau tudun Doguwa da masara kamar ba ta ɗauki komai ba. Sai dai injinan sun tsufa tun a can inda suka fito. Kowane inji yana tara tururi a cikinsa, a ƙasa inda baƙin mai ke kwanciya, kuma akwai wani tiyo da ke fitar da tururin ya mayar da shi hanyar da inji ke shaƙar iska. In inji ya gaji, tururin nan yakan taho da baƙin mai, turbo ya zuƙe. Sai mota ta kama hayaƙi, tana shan mai kamar rijiya. Wasu makanikan su toshe tiyon, iska ta rasa mafita ta fasa duk wata roba da ke riƙe mai. Wasu su sake shi yana reto, ya yi ta zubar da mai a titi yana shaƙar ƙasa.

Kawu sai ya yanke tiyon, ya sa masa gwangwani a tsakani. Babban gwangwanin madara yake samu, ya cusa soson ƙarfe a ciki, ya fasa ƙofar shiga da ta fita, ya yi wa gindin ƙaramin famfo. Mai ya maƙale a soso ya ɗiga ƙasa, iska ta wuce ita kaɗai. Direba ya riƙa tsiyaye shi duk ranar da ya duba ruwa. A ido abin wasan yara ne. Amma faɗin tiyon, da inda za a ɗaure gwangwanin, da yawan soson, kowane inji da nasa, kuma a kansa kaɗai lissafin yake. In zai yi aikin sai ya kori kowa ya juya baya. Daga nan aka sa masa Mai Gwangwani, har sunansa na yanka ya ɓace.

Ba zan ce bai taɓa alheri ba, Allah na gani. Da mahaifina ya rasu, danginsa suka fara yi wa Inna, mahaifiyata, maganar ɗakin da take ciki tun kafin ta fita takaba. Ranar da ta fita, sai ga Kawu da aron babbar mota har Badafi, garin mahaifina. Bai gaisa da kowa ba. Shi da kansa ya kinkimo gadonta da tukwanenta, ya ɗora mu a kan kaya, ya kawo mu gidansa. Ya ba ta ɗakin da ya fi kowanne, bai taɓa bari ta nemi hatsi ba har ta koma ga Allah. A hanya ranar, tana kuka a gidan gaba, abin da ya ce mata shi ne, "Da kin ji maganata ba ki auri mai ƙarar kwana ba."

Da na girma na fara jan bas tsakanin Tudun Wada da Kano, Kawu ne ya sa mini gwangwanina. Yana ɗaurewa yana zagina, ni da wanda ya ba ni lasisi. Bas ɗin nan ta yi shekaru ba ta yi tari ba.

Abin da bai yi wa ɗansa ba ke nan.

Kawu bai taɓa kiran sunan Yaya ba. "Wannan yaron" yake ce masa, har Yaya ya yi 'ya'ya. Mutane su ce ai kunyar ɗan fari ce. Mun san kunyar ɗan fari, muna ganinta a gidaje, akwai so a ƙarƙashinta. Wannan daban ce. Yaya ya tashi a rumfar, ya sha fambel fiye da kowa, amma ko sau ɗaya uban bai bar shi ya tsaya a kan aikin gwangwani ba. Da ya gaji, sai ya bar kanikanci ya koma tuƙi. Ya yi shekaru yana jan motar mutane, yana noma a gefe, har ya haɗa abin da ya sayi tasa, a-kori-kura mai turbo. Laifinsa ɗaya. Da zai je saye bai tafi da uban ya saurari injin ba, wani abokinsa ya raka shi.

Ina rumfar ranar da ya kawo ta. Ya wanke ta tana ƙyalli, ya durƙusa a gaban kujerar bas.

"Baba, ga abin da Allah Ya hore. Na kawo a sa albarka."

Kawu ya tashi, abin da ba ya yi. Ya buɗe bonet, ya ce a tayar. Ya kwance murfin baƙin mai, ya ɗora shi a bakin ramin bai ɗaure ba. Murfin ya kama rawa, yana tsalle, farin tururi na bulbulowa ta gefensa. Kawu ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗaure, ya rufe bonet, ya goge hannu a jikin wandonsa.

"Tana buƙatar gwangwani ko, Baba?"

"Wanda ya raka ka ka saya, shi zai sa maka."

Ya koma ya zauna.

Yaya ya sake dawowa, ya turo abokan uban, ya turo limamin unguwa. Iya, mahaifiyarsa, ta yi magana har ta gaji. Ni ma na gwada, Kawu ya ce in na ƙara zai cire nawa. Bai tsaya nan ba, ya aika wa makanikan Kwanar, waɗanda kusan duk yaransa ne, cewa wanda ya taɓa motar nan kada ya ƙara gaishe shi. Ba wanda ya taɓa.

Sai Yaya ya yi da kansa. Ya leƙa nawa, ya samo gwangwani da soso, ya haɗa. Tiyon da ya sa ya yi siriri, soson kuma ya cusa da yawa. Ko Bebeji bai kai ba iska ta fasa robar bayan inji, mai ya tsiyaye a titi. Aka jawo motar da igiya, kuma dole ta gaban rumfar Kawu za a wuce. Kawu ya taso har bakin titi yana tafi. Ya ce wa direbobin da ke wurin, "Ku zo ku ga sabon Mai Gwangwani!" Wasu suka yi dariya don tsoronsa.

Yaya ya gyara robar, ya cire gwangwaninsa ya jefar, ya mayar da tiyon yadda ya zo da shi. Ya ce hayaƙi dai ne da shan mai, zai jure. Iyakar abin da ya sani ke nan. Mu ma iyakar abin da muka sani ke nan.

Da kaka ne abin ya faru, da rana tsaka, Yaya ya taso daga Doguwa da buhunan masara, mata 'yan kasuwa na zaune a kan kayan, wasu da goyo. Sun fito daga daji kaɗan sai injin ya ɗauki wani irin kuka. Ya ɗage ƙafa daga totur, kukan ya ƙaru. Ya kashe makulli, ya zare shi ma gaba ɗaya, inji bai san ana yi ba. Ashe man da ya taru a hanyar iska ne turbo ya kwasa ya ɗura masa, injin dizal kuwa in ya sami baƙin mai sha yake, ba ruwansa da makulli, sai ya shanye ko ya tarwatse. Yaya ya samu ya gangara gefe ya tsayar da ita da ƙyar. Hayaƙi ya rufe titi, ba ka ganin tafin hannunka. Matan suna ta salati, kayan sun yi tsawo, masu goyo sun kasa dirowa.

Wata daga cikinsu ta ba ni labari daga baya. Ta ce Yaya ya riga ya yi nisa, ya tsira, sai ya waiwayo ya gan su, ya koma. Ya tuna inji ba ya rayuwa sai da iska. Ya fizge babban tiyon da ke gaban turbo, ya tuɓe rigarsa ya dunƙule ya danna a bakin. Fankar ta haɗiye rigar, ta haɗa da hannun.

Injin ya mutu. Ba wadda ta ƙwarzane a cikin matan.

A asibiti a Kano aka yi ta fama da abin da ya rage na yatsun, daga baya ya ruɓe, likita ya ce sai an yanke. Kawu bai zo ba sai bayan an yi aikin. Ni na kawo shi a bas ɗina, duk hanya bai ce uffan ba, har na fara cewa a raina yau dai dutse ya tsage. Muka shiga ɗakin. Iya na zaune a bakin gado tana yi wa Yaya fifita. Yaya ya yunƙura zai tashi ya gaida uban.

Kawu ya dubi dungulmin da aka naɗe. Ya ce, "Da katako ake toshewa. Wane jaki ne ke sa hannu?"

Sai ya juyo gare ni. "Injin fa, ya fashe ko yana nan?"

Iya mace ce da ban taɓa jin muryarta ta wuce ƙofar ɗakinta ba. Ranar ta ajiye mafici, ta miƙe.

"Malam, tambaya ɗaya zan yi maka, don girman Allah ka gaya mini gaskiya. Ranar da ya kawo maka motar nan, ka san za ta iya yin haka?"

"Na sani."

"Ka sani."

"Tun da na ga murfin na rawa. Duk mai ido ya gani."

"Ba ka gaya masa ba."

"Ya tambaye ni kafin ya saya?"

Iya ta koma ta zauna, ta ɗauki maficinta. Daga ranar ba ta ƙara yi masa magana ba sai abin da ya zama dole. Tana dafa masa, tana wanke masa, ta ajiye kwano ta juya. A haka suka ƙarasa zamansu.

Shi kuwa ya sa aka jawo motar rumfarsa. Ya sauke injin, ya canza ringi, ya canza turbo, ya ɗaura mata gwangwanin da duk direbobi suka ce ba su taɓa ganin mai kyansa ba, har fenti ya yi masa. Ya ajiye ta a bakin titi inda kowa zai gani. Mai ita ba shi da hannun sa giya. Wani mutumin Tudun Wada ya saya, har yau tana hanya, nakan yi kiciɓis da ita.

Bayan Yaya ya warke ya koma gona, fartanya ta gagare shi. Wata rana Kawu ya shigo gidan da wani abu a hannu, ƙugiyar ƙarfe da ya ƙera ya haɗa da fata da maɗauri, ya yi mata shimfiɗar roba mai laushi a ciki. Ya jefa ta a gaban Yaya, ta faɗi a ƙasa. Ya ce, "Ga shi nan, kada a ce ɗana na bara." Da Yaya ya sa, ta zauna daram kamar an gwada. Bai taɓa auna dungulmin ba, kallo ɗaya ya yi masa a asibiti. Da ita Yaya ke noma har gobe. Na rasa inda zan ajiye wannan a lissafin Kawu, na bar wa Allah.

Hawan jini ne ya kayar da Kawu a rumfa, ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace. Yaran da ya koya wa aiki suka zo dubiya sau ɗaya ɗaya suka ɗauke ƙafa. Sauran 'ya'yansa suna Kano da Kaduna, sai waya. Iya ta tsufa, ba ta iya ɗaga shi. Yaya ne ya dawo gidan da tabarmarsa. Shi ke juya shi, shi ke kai shi bayan gida a kafaɗa, shi ke yi masa alwala da hannu ɗaya. Maganar Kawu ta ɗauke, sai gurnani da ido. Na ce wa Yaya ya bari mu riƙa karɓa-karɓa, ya ce, "Bar shi, ubana ne."

Ana gobe zai rasu, da safe, muna ɗakin ni da Iya da Yaya. Yaya ya jingine shi da bango, ya riƙe kofin koko a tsakanin gwiwoyinsa, yana ba shi da cokali da hagu. Sai muka ga leɓen Kawu na motsi. Ya ƙura wa Yaya ido, wuyansa ya ɗaure, yana ta kokawa da harshensa, har hawaye ya gangaro ta idon da ya shanye. Watanni ba mu ji kalma daga bakinsa ba. Iya ta matso, ta dafa gadon. Yaya ya tsaya da cokalin a sama, koko ya ɗiga a ƙirjin uban.

Yaya ya sunkuya ya kai kunnensa. Ya ce, "Na'am, Baba. Ina jin ka."

Maganar ta fito a karkace, amma duk mun ji ta.

"Ko cokali... ba ka iya ba."

Iya ta saki gadon ta fita. Yaya ya ɗan jima a sunkuye. Sannan ya ɗago, ya sa gefen rigarsa ya goge kokon da ya zuba, ya goge wa uban baki, ya sake cika cokalin.

"Haɗiye, Baba," ya ce. "Saura kaɗan."

Kawu bai ƙara wata magana ba a duniya.

Allah Kai ne Mai gafara, kuma Ka fi mu sanin bawanKa. Ka yi masa da rahamarKa, kada Ka yi masa da irin awon da ya yi wa nasa. Mu da ya bari, Ka ba mu ikon cewa amin.